Mai Son Gudu Ya Fara Koyon Riƙe Fensir da Sifana

Ranar kai amarya a ƙauyukan ƙasar Jega, tun kafin motar amarya ta bar ƙofar gidan iyayenta samari sun riga sun jera babura a bakin hanya. Wani ya cire salansa don ƙarar ta fito sosai, wani ya goya abokai biyu, kuma da wuya a ga mai hular kwano a cikinsu. Da an tashi sai ƙura ta turnuƙe. Wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya saki hannu, na ukun ya kwanta bisa tanki ya murɗa totur har ƙarshe. Mata na guɗa, yara na ihu, dattawan da ke zaune gindin dogon yaro suna salati. Galibi akan dawo lafiya. Wata rana kuwa kafin magariba an ɗauki wani an nufi Aliero da shi, wurin masu ɗorin da garin ya yi suna da su tun kaka da kakanni, kuma akwai wanda ko Alieron ba ya kaiwa.

Waɗannan samari ba 'yan banza ba ne. Abin da ke cin ransu son inji ne, da son gudu, da son a ce sun iya. Irin wannan son ne ya gina harkar tseren motoci, wadda a yau ake juya biliyoyin daloli a cikinta. Sai dai duk wanda ya leƙa harkar zai tarar cewa masu riƙe da sitiyari su ne mafi ƙaranci. A gasar Formula 1, wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya, kowace ƙungiya motoci biyu take fitarwa da direbobi biyu, alhali ma'aikatanta ɗaruruwa ne, wasu ma sun kai dubu. Akwai masu zane, da injiniyoyi, da kanikawa, da masu lissafin kuɗi, da masu neman kamfanonin da za su ɗauki nauyi. Bahaushe ya san wannan tsari tun daga sukuwa: mahayi ake yi wa kirari a fili, amma ƙarfin dokin a barga aka yi shi, wurin shamaki da yaran da ke yanko masa ciyawa tun asuba.

Matashin Dangamaji ko Maiyama ba sai ya tafi Turai zai nemi misali ba. A kan titin da ya taso daga Sakkwato ya biyo ta Shagari da Tambuwal ya shigo Jega akwai garin Dogon Daji, kuma can ne asalin iyayen Jelani Aliyu. An haife shi a Kaduna a 1966, ya tashi a Sakkwato, ya yi firamare a makarantar Capital, sannan ya shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, inda ya karɓi kyautar ɗalibin da ya fi kowa iya zanen fasaha. Yaro ne mai son mota kamar kowane yaro, amma shi sonsa a kan takarda ya zube.

Ya sami gurbin karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, abin da iyaye da yawa ke roƙon Allah ya ba 'ya'yansu. Bai daɗe ba ya ga karatun bai dace da inda ya nufa ba, sai ya bari ya koma kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda a yanzu ake kira da sunan Waziri Umaru. A nan ya kamata matasa su tsaya su yi tunani, domin a ƙasar nan an ɗauki jami'a ita ce gaba, kwalejin fasaha kuwa wurin wanda ya rasa. Shi ya sauko daga wadda ake ganin ta fi zuwa wadda ake rainawa, saboda ya san abin da hannunsa ke buƙata. Daga 1986 zuwa 1988 yana Birnin Kebbi, garin da daga Jega tafiyarsa ba ta kai sa'a guda ba, kuma ya fita da lambar ɗalibin da ya fi kowa. Ya yi aiki na ɗan lokaci a ma'aikatar ayyuka ta Sakkwato. A 1990 hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Sakkwato ta tura shi Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, ya karanta ƙirar motoci a College for Creative Studies. Lokacin ba a ƙirƙiri Jihar Kebbi ba, sai a 1991, don haka dukiyar da aka biya masa karatu da ita akwai haƙƙin mutanen Jega da Aliero da Maiyama a ciki.

Ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Shekarun da suka biyo baya babu wanda ke jin sunansa a gida. Ya yi aiki a kan motoci irin su Buick Rendezvous, aka tura shi Jamus ya taɓa aikin Opel Astra, ya dawo ya jagoranci zanen jikin Pontiac G6. Sai a Janairun 2007, a bajekolin motoci na Detroit, aka yaye mayafi daga samfurin Chevrolet Volt, mota mai tafiya da batir da kuma ƙaramin injin fetur da ke ba ta lantarki idan batirin ya yi ƙasa. Zanen Jelani ne aka zaɓa daga cikin na abokan aikinsa. Daga shigarsa kamfanin zuwa wannan rana shekara goma sha uku ke nan.

Akwai wani abu game da motar da ba a cika faɗa ba, kuma ya fi yabon amfani ga mai koyo. Samfurin ya burge duniya, amma da aka shigar da shi ɗakin gwajin iska sai aka ga siffarsa na tare iska fiye da kima, abin da zai cinye batir da wuri. Dole aka sake fasalin jikin kafin motar ta fito kasuwa a ƙarshen 2010. Kyawun zane bai hana awo yin hukuncinsa ba. A wannan sana'a ba a musu da ma'auni, ko da kuwa mutum shi ne gwanin gwanaye.

A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi shugaban NADDC, hukumar da ke kula da ƙira da bunƙasa masana'antar motoci ta Nijeriya, kuma ya riƙe ta har 2023. Daga teburin zane ya koma teburin mulki, aikin da ya haɗa da tsara manufofi, da zama da masu kamfanonin harhaɗa motoci, da neman kasafi. A zamaninsa ne aka gabatar da Hyundai Kona mai aiki da lantarki wadda aka harhaɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar cajin motoci mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. A nan ne kuma hanyarsa ta haɗu da tsere. A watan Maris na 2020, lokacin da aka farfaɗo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, hukumarsa ce ta tsaya a kan ayarin gasar motocin da ya taso daga Abuja ya nufi Argungu, da motocin da aka harhaɗa a cikin ƙasar nan. Manufar ita ce a nuna cewa motar gida za ta iya jure hanyoyin gida.

Mutanen Kabi sun san bikin nan da Matan Fada da homa da gora, tun daga 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Amma matashin da ya tsaya bakin titi yana ɗaga wa ayarin motoci hannu ya kamata ya tambayi kansa abin da aka yi kafin motar farko ta tashi. Sai wani ya bi hanyar tun da wuri ya san inda ramuka suke da inda gada ta lalace. Sai an zauna da 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra, an tanadi motar asibiti da motar kanikawa, an san inda za a sha mai da inda za a kwana, an shawo kan kamfanoni su ba da motocinsu da kuɗinsu. Wannan shi ne aikin shugaban harkar tsere. Ba a yi masa tafi, amma idan ya yi sakaci da abu ɗaya rai ne zai salwanta.

Wanda yake son ganin wannan aiki a ƙololuwarsa sai ya dubi rayuwar wani Baturen Ingila mai suna Ron Dennis, domin farkonsa irin na yaran gareji ne. An haife shi a garin Woking a 1947. Yana da shekara 16 ya bar makaranta ya zama yaron bakanike, amma bai yar da littafi ba, yana aiki yana zuwa kwalejin fasaha ta Guildford yana karanta yadda mota ke aiki. A 1966 ya riga ya zama bakanike a ƙungiyar Cooper ta Formula 1, yana kula da motar direba Jochen Rindt. Ya koma ƙungiyar Brabham a 1968. A 1971 shi da abokinsa Neil Trundle suka kafa tasu ƙungiyar, Rondel, ba su da jari sai gwaninta da amincin da mutane suka sani a gare su. Rikicin man fetur na 1973 ya sa masu ɗaukar nauyinsu suka janye, ƙungiyar ta rushe. Ya sake kafa wata, ya sake, har ya kai ga wadda ya kira Project Four.

Abin da aka fi saninsa da shi tun a lokacin shi ne tsabta da tsari, har wasu na ganin abin nasa ya yi yawa. Garejinsa ba a barin ɗigon baƙin mai a ƙasa, kowane ƙarfe yana da mazauninsa. Dalilinsa a fili yake: bakaniken da bai san inda sifanarsa take ba, ba zai san ko ya ɗaure noti ko bai ɗaure ba. Masu kuɗi kuma idan suka shigo suka ga wurin, sai hankalinsu ya kwanta su zuba dukiyarsu. Haka aka yi a 1980, kamfanin da ke ɗaukar nauyin McLaren, wata ƙungiyar Formula 1, ya ga ƙungiyar na ja da baya, ya sa aka haɗe ta da ta Dennis, ragama ta koma hannunsa.

Dennis bai yi suna da tuƙi ba. Gwanintarsa ita ce gane mai gwaninta da samo masa abin aiki. Ya ɗauko injiniya John Barnard, wanda ya ƙera gangar jikin mota da zaren kabon, abu mai ƙarfi marar nauyi da a lokacin aka fi sani a harkar jiragen sama. Mutane da dama sun ce zai farfashe idan aka yi karo. A 1981 direba John Watson ya yi mummunan haɗari da motar a filin Monza na Italiya, ya fito da ƙafafunsa, kuma daga baya duk sauran ƙungiyoyi suka bi wannan hanya. Ya jawo attajiri Mansour Ojjeh ya biya kuɗin sabon inji, daga baya ya ƙulla da kamfanin Honda. A 1988, da direbobi Ayrton Senna da Alain Prost, McLaren ta ci tsere 15 cikin 16 na shekarar. A ƙarƙashinsa ƙungiyar ta ɗauki kambin direbobi sau 10, na masu ƙera motoci sau 7.

Shi ne kuma wanda wani yaro baƙar fata ɗan shekara 10 ya tara a wurin wani biki a 1995, ya gaya masa yana son wata rana ya tuƙa motarsa. Bayan shekara uku Dennis ya ɗauki nauyin yaron, ya raine shi mataki bayan mataki daga tseren ƙananan motocin yara, har yaron, wato Lewis Hamilton, ya zama zakaran duniya a 2008. Wannan ma darasi ne ga masu ɗaga taya. Hamilton bai koyi gudu a kan titin kasuwa ba. A filin da aka killace ya koya, da hular kwano da rigar kariya da alƙalai masu hukunta ganganci. Duk da irin wannan tanadi, Senna da ake ganin babu kamarsa ya rasu a haɗarin tsere a Imola ranar 1 ga Mayun 1994. To ina ga wanda ke gudu da silifa a titin da tirela ke bi?

Labarin Dennis bai ƙare da daɗi ba, kuma ɓoye wannan ɓangaren zai zama cutar mai karatu. A 2007 aka gano takardun sirrin abokiyar hamayyarsu, ƙungiyar Ferrari, shafi 780, a hannun babban mai zanen McLaren. Hukumar tseren motoci ta duniya ta ci ƙungiyar tarar dala miliyan 100, ta kuma soke mata makin shekarar a gasar masu ƙera motoci. Shugaba ba ya cewa laifin yarona ne ya tsira, domin sunan gidan ne ya ɓaci. Bayan haka zumuncinsa da Ojjeh, abokin tafiyar shekara talatin, ya lalace. A Nuwamban 2016 masu hannun jari suka tilasta masa sauka, a 2017 ya sayar da rabonsa ya bar kamfanin da ya ɗaukaka. Mutumin da ya iya daidaita inji har ya fi na kowa gudu ya kasa daidaita tsakaninsa da abokan cinikinsa. Matashin da ke shirin buɗe shago da abokinsa ya riƙe wannan: a rubuta rabon kowa tun ranar farko a gaban shaidu, kamar yadda addini ya koyar game da bashi da ciniki, kuma kada a taɓa kayan wani ko da hoto ne a waya.

Yanzu a dawo gida. Duk wanda ya tsaya a garejin babura a Jega ya san yadda koyo yake. Yaro na tsugune gaban tasa yana wanke kayan inji da fetur, hannunsa baƙi ƙirin, maigida na cewa, "Kai yaro, miƙo man sifana mai lamba goma." Zai daɗe yana miƙo sifana kafin a bar shi ya kwance fulogi. Wannan horo mai kyau ne, kuma daga irinsa Dennis ya fito. Kanikawan ƙasar nan suna da kunnen da ke jin ciwon inji daga ƙararsa, baiwar da ba a sayen ta da kuɗi. Inda aka gaza shi ne awo da rubutu. Ana ɗaure noti da ƙiyasi har sai an ji ya yi, ba a rubuta ranar da aka canja mai, ba a rubuta abin da aka karɓa da abin da aka kashe. Mota ta zamani kuwa cike take da waya da na'ura, sai an jona mata kwamfuta take faɗin abin da ke damunta, kuma da Turanci da lambobi take magana. Yaron da ya haɗa kunnen maigidansa da karatu da lissafi, shi ne zai riƙe sana'ar nan gaba. Wanda ya bar makaranta gaba ɗaya saboda ya fara samun na kashewa a kabu-kabu ya sayar da gobensa da araha.

Aikin kuma yana nan jingim, ba sai an jira Formula 1 ta zo ba, gasar da rabonta da nahiyar Afirka tun 1993. Manoman albasar Aliero da masu shinkafa a fadamun Jega da injin ban ruwa suke rayuwa, kuma injin da ya mutu kwana uku a tsakiyar rani asarar gona ce. Motocin da ke lodin albasa zuwa kudu suna buƙatar mai gyara da mai tsara tafiya da mai riƙe lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hankali ya koma kan motoci masu aiki da iskar gas da babura masu batir da famfunan hasken rana, kuma duk waɗannan sai an sami hannun da ya san su. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero tun 2006. Kwalejin da ta yaye Jelani tana nan inda take.

Ko son tseren ma ba sai an kashe shi ba. Abin da ya rage wa samarin yankin shi ne mutum guda mai tunanin shugaba, wanda zai tara su ƙungiya, ya je wurin hakimi da ƙaramar hukuma da jami'an kiyaye haɗurra ya nemi fili a bayan gari, nesa da yara da dabbobi, ya kafa doka cewa babu mai hawa sai da hular kwano, ya tanadi ma'aikacin lafiya, ya shawo kan dillalan babura da masu gidajen mai su sa kyauta. Idan aka yi haka, amarya za ta isa ɗakinta ba tare da an yi zaman makoki a ranar bikinta ba, gwani kuma zai sami inda za a auna gwanintarsa da agogo. Aiki ne mai wuya da zai ci ƙafa da haƙuri, kuma za a sha jin "a dawo gobe". Amma ƙasar da ta iya shirya taron Argungu ba za ta rasa ɗan da zai iya shirya wannan ba.

Iyaye ma suna da nasu kason. Yaron da ke zana motoci a bayan littafinsa, ko yake ƙera su da gwangwani da karan dawa, bai kamata a doke hannunsa a ce wasa yake yi ba. A saya masa fensir da takarda, a kai shi wurin bakanike mai amana bayan an tashi daga makaranta, a kuma tsaya a ga bai yar da lissafi ba. Haka nan 'ya mace, domin zane da lissafi ba su san jinsi ba.

Kai kuma matashi, in Allah ya sa maka son inji, to ka kula da wannan baiwa kada ka zubar da ita a kan kwalta. Sayi hular kwano kafin ka sayi sabuwar waya. Nemi littafi ka fara rubuta duk gyaran da ka yi da duk kuɗin da ya shiga hannunka. In ka bar karatu, koma ka gyara takardunka, musamman lissafi da Turanci, sannan ka je Birnin Kebbi ko Aliero da kanka ka tambayi sharuɗɗan shiga sashen injiniya tun kafin a buɗe ɗaukar ɗalibai na bana.